Kabarin Farko a Tudun Aduwa

Na ji abin da kuke faɗa wa junanku, ku 'ya'yana da 'ya'yan Yaya Haruna, wai gonar gado ce ta raba ni da yayana har muka yi shekara bakwai ba ma ga maciji da juna. Ban san wanda ya ƙaga wannan labari ba, amma ina zargin 'yata Rabi, don tun tana ƙarama in ba ta ji ƙarshen magana ba sai ta ɗinka mata nata. To ku ajiye shi. Gona ba ta taɓa shiga tsakaninmu ba. Zan rubuta muku abin da ya faru tun idona yana ganin layin takarda, kuma ku sani tun yanzu, laifin da ke ciki nawa ne.

Ku da kuka buɗe ido kuka ga Tudun Aduwa da kwalta da masallacin Juma'a da 'yan acaba suna neman take mutum, ba za ku yarda ba in na ce muku ranar da na zo nan ba abin da ke tsaye sai aduwa uku da wani tsohon suri. Gonar babanmu ce, yamma da hanyar da ta fita daga Daura ta nufi Mai'aduwa har Kongolam. Kada ku ba ni girman da ban ci ba, ba wani hangen nesa ne ya fito da ni daga birni ba, matsi ne. Ni magini, na gina wa rabin unguwarmu ɗakuna, amma ni da uwarku Hajara muna cikin wani ɗan ɗaki a gidan gado wanda in ta miƙe ƙafa sai ta ture tukunya. Da wata damina ta zubar da katangarsa ta gabas, sai na ce ya isa. Na kai gaisuwa wurin dagaci, na ce ina so in tare a gonarmu, ya sa albarka. Yaya kuwa da na faɗa masa dariya ya yi har rawaninsa ya karkace.

"Je ka, Sani," ya ce. "Gonar ai tamu ce. In kura ta koro ka, ɗakinka yana nan."

Kura ba ta koro ni ba. A shekara ta biyu ma sai na samu maƙwabta. Malam Isiyaku ya zo da littattafansa don yana neman wurin noma kusa da karatu, shi ya zama limaminmu a gindin aduwa. Tanimu mai faci ya kafa rumfa a bakin hanya saboda kekunan 'yan kasuwa. Wasu magidanta uku suka biyo baya. Amma abin da ke cin raina, duk cikinsu ba wanda ya ce in buga masa tubali ko guda. Zana da ciyawa kowa ya kafa, kamar masu jiran a yi girbi su tashi. Kowa ƙafarsa ɗaya a nan, ɗaya a birni. In an haihu, a Daura ake suna. In an yi rasuwa, a nemo mota a kai gawa Daura. Na taɓa yi wa Malam tayin in gina masa ɗakin karatu kyauta, ya shafa gemu ya ce mu dai ga abin da Allah zai yi. Ɗakina ne kaɗai na ƙasa a duk tudun, yana tsaye shi ɗaya kamar baƙo a taron da ba a gayyace shi ba.

A shekarar da aka haifi Rabi ne Inna, mahaifiyarmu, ta zo yi wa Hajara wankan jego. Dole in tsaya in faɗa muku wace ce kakarku, don ƙananan cikinku ba su riske ta ba. Mace ce mai son jama'a. A birni daddawa take sayarwa, amma in ka duba da kyau, labari take saye da sayarwa, daddawar rakiya ce kawai. Ba aure, ba saki, ba tafiya Makka da za a yi a unguwa ba ta riga maigidan sani ba. Irin wannan mata ce ta zo dajin da in ka yi tari sai ka ji amsarsa. Na ce a raina ba za ta kai arba'in ɗin ba. Arba'in ya cika, ya wuce, damina ta faɗi, aka yi girbi, Inna ba ta ɗaure kayanta ba. Ni kuwa kaina ya kumbura. Ni ne auta, ni take kira da sunana da lakabi uku, ni take ajiye wa ƙanzo. Na ce ga shi nan, ta bar birni da hayaniyarta saboda ni.

Yaya Haruna shi ne ɗanta na fari, kuma Inna mutuniyar da ce, mai kunyar ɗan fari irin wadda ba ku sani ba yanzu da uwa take rungume ɗanta na fari a ɗauke su hoto. Tunda ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ana yaye shi aka kai shi wurin Gwaggo, can ya tashi. In ya zo gaishe ta, ya durƙusa, sai ta kau da kai ta amsa wa bango. In magana ta kama dole a ambace shi, sai ta ce "mai shanu", don fataucin shanu yake yi. Mu duka mun san al'ada ce, shi ma ya sani. Amma sanin abu al'ada ne ba ya hana shi ciwo, wannan kuwa ban gane ba sai da na tsufa.

Ba ta daɗe da zama ba ta sa ni na kafa randa a gindin aduwar da ke bakin hanya, ta ce sadaka ce ga matafiya. Ruwa kuwa a lokacin daga rijiya mai nisa Hajara take ɗauko shi a ka, sai ku tambaye ta yadda ta ji da wannan sadaka. Kowace ranar kasuwar Mai'aduwa, Inna da kanta take wanke randar ta cika ta, ta dama fura a ƙwarya ta rufe da faifai ta ajiye a gefe. Sannan ta shimfiɗa tabarma a ƙofar zana, ta ba hanya rabin baya, tana tsintar wake. Da hantsi fatake suke wucewa da shanunsu, Yaya a cikinsu. Yakan tsaya ya sha ruwa, ya kurɓi furar tare da abokan tafiyarsa, ya ƙaraso ya durƙusa ya gaishe ta. Ita kuwa ta amsa wa waken. Ya shigo mu gaisa, ya tsokane ni ya ce har yanzu kura ba ta zo ba, ya wuce.

Haka aka yi shekara uku. Da kaka ta huɗu Inna ta kwanta ciwo, ba mai tsawo ba. Wata safiya bayan rana ta ɗaga ta aika Hajara ta kira ni daga wurin kwaɓa ƙasa. Na shiga da laka a ƙafata. Hajara na zaune a gefenta tana yi mata fifita.

"Sani," ta ce, "in ta Allah ta kasance, kada ku ɗora ni a mota ku kai ni birni."

"Haba Inna, wace irin magana ce wannan? Baba yana can, iyayenki suna can."

"Na san inda suke. A nan nake so, kusa da aduwar ƙarshe."

"Inna, ke da ba ki son shiru? Ba kowa a wurin nan. Ke kaɗai za ki kwanta."

Sai ta juya fuskarta wajen bango. Tsohuwar da ba ta taɓa rasa abin faɗa ba, ranar na ga magana ta yi mata nauyi.

"Ta nan mai shanu yake wucewa," ta ce a hankali. "Ka faɗa masa, ni bakina ba zai iya ba. Ka ce masa furar nan ba ta matafiya ba ce."

Zan faɗa muku gaskiya ko da ba ta yi mini kyau ba. Ba tausayi ne ya fara zuwa mini ba, kishi ne. Ina magidanci mai 'ya'ya, na tsaya a gaban uwata tana jinya, ina jin zafin ashe ba don ni ta zauna a dajin nan ba. Ashe gonar tana yamma da hanya, wanda aka kwantar a cikinta yana fuskantar alƙibla, hanyar yake fuskanta. Duk ta auna wannan tana tsintar wake. Na ce mata to, na fita na koma wurin ƙasata, na yi ta tattaka ta har ta wuce yadda ake so.

Kwana biyu bayan haka ta cika, da sassafe. Tanimu ya hau keke ya tafi Daura kai labari. Malam Isiyaku ya yi jim da na ce a nan za a binne ta, don ba mu da maƙabarta, amma da ya ji wasiyya ce sai ya tura mutum wurin dagaci, ni kuma na auna wani yanki daga rabona na gonar na ce na bayar har abada. Ina jin daga nan ne labarinku na gona ya samo asali. Kafin rana ta take, mata sun yi mata wanka, mun haƙa kabari, mun sari itace. Muna cikin haka sai ga Yaya da a-kori-kura da 'yan uwa cike da bayanta, ya zo ɗaukar gawa. Ya sauko ya ga ƙasa a tare a gindin aduwa. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

"Wa ya ba ka izinin wannan?" ya ce.

"Wasiyya ta bari, Yaya."

"Wasiyya? A jefar da ita a daji kamar wadda ba ta da dangi? Kai yaro ne, Sani. Ka kawo ta nan ka raba ta da mutane, yanzu kuma ka raba ta da kabarin mijinta."

"Ba ni na zaɓa ba. Ga Hajara nan, a gabanta aka yi."

"To me ta ce?"

Ga wurin nan. Duk abin da na rubuta a sama don in kawo ku nan ne. Maganar tana bakina, ba ta fi numfashi biyu ba. Amma ya kira ni yaro a gaban maƙwabtana, ya kira garina daji, ga kuma abin da ke cina tun shekaranjiya. Sai na ba shi rabi na riƙe rabi.

"Cewa ta yi a nan take so," na ce. "Shi ke nan."

Ya dube ni. Sannan ya ce, ba da ƙarfi ba, "Da ranta ba ta taɓa kiran sunana ba. Yanzu gawarta ma a wurinka ta bar ta. Allah Ya ji ƙanta."

Ya tsaya aka yi salla, mu biyu muka shiga kabarin muka kwantar da ita, kafaɗarsa tana gogar tawa, bai dube ni ba. Da aka shafa fatiha ya hau motar ya koma. Zaman makoki biyu aka yi wa Inna, ɗaya a Daura ɗaya a nan, masu gaisuwa suna rarraba ƙafa suna gulma a hanya. Wannan abin kunya ne da har yau in na tuna shi sai na runtse ido.

Abin mamaki, ba a yi sati biyu da binne ta ba sai ga Malam Isiyaku a ƙofar gidana da sassafe. Ya ce in buga masa tubali, ɗaki biyu da zaure. Na ce Malam, me ya canja? Ya nuna aduwar ƙarshe da carbinsa ya ce wurin da aka ba ƙasa ajiya ba a tashi a bar shi. Bayansa Tanimu, bayan Tanimu sauran. Kafin damina hannuna ya yi kanta, sai da na kira magina biyu daga Dutsi suka taya ni. Da jaririn Tanimu ya koma, ba wanda ya yi zancen mota, kusa da Inna aka kwantar da shi. Muka yi gayya muka haƙa rijiya. Muka ɗaga masallaci daga gindin itace zuwa ɗaki mai azara. Mata suka fara kasa kayan miya a bakin hanya da yamma, abin da ya zama kasuwar da kuke gani. Mutanen birni da matsi ya ishe su irin nawa suka riƙa zuwa dagaci yana yanka musu fili, malaman makaranta da direbobi da masu awon hatsi. Aka naɗa Malam mai unguwa, na yi murna, don ni da mutane sai a kan katanga. Duk wanda ya ce muku ni na kafa Tudun Aduwa ku ce masa a'a. Ni dai na riga kowa zuwa, amma Inna ce ta zaunar da mu.

Gari yana ta girma, ni kuwa saƙon Inna yana nan wurina ban isar ba. Kowace ranar kasuwa Yaya yana wucewa da shanunsa, sai ya kau da kai gabas har ya wuce gidana. Ba ya shan ruwan randar, ko da yake Hajara ba ta fasa cika ta ba ko sau ɗaya, ita da a da take ƙunƙuni. In an yi biki a dangi, ya zauna can, in zauna nan. Kuka tashi kuna 'yan uwa ba ku san gidajen juna ba. Uwarku kuwa ba ta bar ni na huta ba. Duk shekara in watan rasuwar Inna ya kama sai ta ajiye mini tuwo ta zauna, abin da ba ta saba ba.

"Malam, amanar tsohuwar nan fa?"

"Zan faɗa masa."

"Bara ma haka ka ce."

A shekara ta bakwai aka zo shimfiɗa kwalta, aka ce daga yanzu a manyan motoci za a riƙa kai shanu, tafiyar ƙasa ta ƙare. Ran nan Hajara ba ta ajiye tuwon ba ma, a hannu ta riƙe shi.

"Malam, in ya shiga mota ba zai ƙara taka wurin nan ba. Wallahi in kasuwar nan ta wuce ba ka faɗa masa ba, ni zan yafa mayafina in tare shi a hanya, a ce matar Sani ba ta da kunya. Ka zaɓa."

Na san halin uwarku, in ta rantse ta gama. Ranar kasuwa da hantsi na je na tsaya a tsakiyar hanya daidai randar. Shanu suka rabu biyu suna wuce ni, har ya iso. Ya yi furfura, ban san ya yi ba. Na durƙusa a cikin ƙurar na gaishe shi, ya amsa a taƙaice zai wuce, na riƙe bakin rigarsa.

"Yaya, akwai saƙon Inna a wurina. Shekara bakwai ina riƙe da shi."

Na faɗa masa duka, yadda ta faɗa, har juya fuskar da ta yi. Na faɗa masa dalilin da ya sa na ɓoye, ban rage wa kaina komai ba. Ya ce wa abokan tafiyarsa su ci gaba da shanun. Ya zauna a kan saiwar aduwar, ya ajiye sandarsa, ya daɗe yana kallon randar.

"Furar nan," ya ce, "kullum da yaji-yaji take, da citta da yawa."

"Haka take dama ta."

"Haka nake so tun ina yaro a gidan Gwaggo. Na ɗauka dacewa ce." Ya share fuskarsa da gefen rawani. "Wa ya faɗa mata?"

"Yaya, Inna ce fa. Akwai abin da ba ta sani ba?"

Sai ya yi dariya, hawaye yana zuba, ni ma haka, manyan mutane biyu a bakin hanya masu keke suna kallonmu. Da ya natsa ya ce, "Ka ci mini shekara bakwai, Sani. Allah Ya isa ban ce ba, amma ka ci." Na ce na sani. Ya ce in kai shi wurinta. A lokacin kaburbura sun kai ashirin a kewayenta, amma ban yi laluben nata ba. Ya tsaya ta wajen gabas, tsakaninta da hanya, ya yi addu'a mai tsawo. Da muka dawo ya ɗauki moɗa ya sha ruwan randar har sau biyu.

Sauran kun sani. Da rani ya zagayo ya nemi fili, ni na gina masa gidan da kuke ciki, ku 'ya'yansa, kuma ban bar kowa ya ɗora tubali ɗaya a zaurensa ba sai ni. Mun yi shekara goma sha tara muna maƙwabtaka, kullum da la'asar muna zaune a dakalinsa yana tambayata ko kura ta zo. Shekarun nan su ne mafi daɗi a rayuwata, ko da yake ba su biya bakwai ɗin da na ci masa ba, kuma bai taɓa cewa sun biya ba. Da ya rasu muka kwantar da shi taku kaɗan daga Inna.

Yanzu in na fito da safe ina dogara sanda, ba na gane rabin mutanen da ke gaishe ni. Gidajen bulo sun shanye na ƙasa, yara suna wucewa makaranta da kayan makaranta iri uku, akwai asibiti, akwai masu cajin waya, akwai mai sayar da ƙanƙara. Maƙabartar da na auna a can ƙarshen gona don ta yi nesa da mutane, yau ita ce tsakiyar gari, tasha a gabanta, kasuwa a kudu da ita. Ni da na ce wa Inna ita kaɗai za ta kwanta, ga shi duk labarin garin a gefenta ake yinsa. In na tuna wannan sai in ji daɗi ya cika ni, in yi ta murmushi ni kaɗai har jikoki su ce Kaka ya fara ruɗewa.

Randar ita ce ta huɗu, uku sun fashe. Na san akwai famfo, akwai ruwan leda a kowane shago, kuma na ji Rabi tana cewa a ɗauke ta don tana tare wa masu shago hanya. Kada ku ɗauke. 'Yan kamasho ma da ita suke kiran tashar, in mota ta taso daga Daura za ku ji suna cewa akwai mai sauka a Randa. Ku riƙa wanke ta kuna cikawa ranar kasuwar Mai'aduwa, gida ɗaya wannan mako, ɗaya gidan mako mai zuwa. In da hali ku ajiye fura a gefe. Ku sa citta da yawa.